Ikon Hukumar Zaɓe a Hannun Ma'aikatan Wucin Gadi: Tambayoyi da Amsoshi

A ranar zaɓe, mai jefa ƙuri'a a Najeriya ba ya ganin shugaban INEC, ba ya ganin kwamishina. Wanda yake tararwa a rumfa matashi ne ko matashiya mai bautar ƙasa, riƙe da na'ura da hatimi. Da dare kuma ya ji muryar wani farfesa a rediyo yana karanto alƙaluma. Waɗannan mutane ɗauko su aka yi na 'yan kwanaki, amma da sa hannunsu ake zama gwamna ko sanata. Amsoshin da ke ƙasa sun shafi yadda doka ta ɗora musu wannan iko, da inda ikon ya tsaya, da wanda ke ɗaukar alhaki idan abu ya lalace. Lambobin sassa da tanade-tanaden da za a ambata na Dokar Zaɓe ta 2022 ne, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a ranar 25 ga Fabrairu, 2022, aka kuma yi babban zaɓen 2023 da ita.

1. Asalin ikon gudanar da zaɓe na wane ne?

Na hukumar ne ita kanta. Sashe na 153 na kundin tsarin mulkin 1999 shi ya kafa INEC, jadawali na uku kuma ya ɗora mata shiryawa da gudanarwa da sa ido a kan zaɓen shugaban ƙasa, da na gwamnoni, da na 'yan majalisun tarayya da na jihohi. Idan an ce hukumar a harshen doka, ana nufin shugabanta da kwamishinonin ƙasa 12. Mutum 13 ke nan, alhali rumfunan zaɓe 176,846 ne a faɗin ƙasar.

Don haka dole a wakilta. Kamar wurin ɗaurin aure ne: ango yana gida, wakilinsa ne ke karɓa masa, kuma karɓar wakilin ta hau kan angon. Amma wakilin ba shi da damar karɓo masa wata daban da wadda aka aike shi. Haka jami'in zaɓe yake. Abin da ya yi a cikin iyakar aikensa hukumar ce ta yi, abin da ya yi a waje da ita kuwa ba shi da tushe a doka.

2. A ina doka ta ba da damar miƙa wannan iko?

A wurare uku. Kundin tsarin mulki ya ce hukumar na iya miƙa duk wani ikonta ga kwamishinan zaɓe na jiha. Sashe na 27 na Dokar Zaɓe ya ba ta damar naɗa jami'an da take buƙata domin rajista da zaɓe, ya kuma ce waɗannan jami'ai ba sa karɓar umarni daga kowa sai daga hukumar. Sashe na 147 shi ne mafi faɗi: ya yarda ta miƙa ikonta ga kwamishina, ko jami'in zaɓe na ƙaramar hukuma, ko duk wani jami'in da aka naɗa bisa dokar, tare da sharuɗɗan da ta ga dama.

Ƙarshen sashe na 147 shi ne inda ya kamata a tsaya a karanta da kyau. Ya ce miƙa ikon bai hana hukumar yin amfani da shi da kanta ba. Wato aro ta bayar, ba kyauta ba. Tana iya sauya jami'i, tana iya karɓe aikin daga hannunsa, kuma ba za ta iya cewa ba ruwanta da abin da ya yi da sunanta ba.

3. Me ya hana hukumar yin aikin da ma'aikatanta na dindindin?

Yawa ne na farko. Kowace rumfa tana buƙatar mutum huɗu: shugaban rumfa da mataimaka uku. Idan aka ninka 176,846 sau huɗu za a sami 707,384, ban da masu sa ido a kan rumfuna, da masu tattara sakamako a mazaɓu 8,809 da ƙananan hukumomi 774. Ma'aikatan hukumar na dindindin ba su kai 20,000 ba. Babu gwamnatin da za ta riƙe mutum dubu ɗari bakwai tana biyansu albashi saboda aikin kwana biyu a shekara huɗu.

Dalili na biyu shi ne amana. Zaɓen 2007 ya zubar da mutuncin hukumar har shi kansa wanda ya ci, marigayi Umaru Musa 'Yar'adua, ya yarda cewa zaɓen na da kurakurai. Da Farfesa Attahiru Jega ya karɓi shugabanci a 2010, sai aka jingina aikin rumfa ga masu bautar ƙasa, aka jingina tattara sakamako ga malaman jami'a da shugabanninsu. Tunanin shi ne, mai bautar ƙasa baƙo ne a garin da aka tura shi, ba ya jin kunyar kowa, farfesa kuma yana da sunan da zai ji tsoron ɓatawa. Wannan tunani ya yi aiki a wurare da yawa. A wasu wuraren kuma ya nuna cewa digiri ba ya hana mutum tsoro ko kwaɗayi.

4. Su wa ake ɗauka, kuma wa doka ta hana?

Shugabannin rumfa galibi masu bautar ƙasa ne. Mataimakansu akan ɗauko su daga masu bautar ƙasa, da waɗanda suka gama ba da jimawa ba, da ɗaliban manyan makarantun tarayya, da ma'aikatan gwamnatin tarayya. Waɗannan suna neman aikin ne ta shafin hukumar mai suna INECPRES. Masu tattara sakamako da turawan zaɓe, wato jami'an da ke bayyana wanda ya ci, kuwa daga jami'o'i ake nemo su. Bayan ɗauka akwai horo na 'yan kwanaki, sannan rantsuwar da sashe na 26 ya wajabta, cewa mutum ba zai karɓi cin hanci ba kuma ba zai goyi bayan kowa ba.

Sashe na 27 ya hana naɗa ɗan jam'iyya, ko wanda ya fito fili ya nuna goyon bayan wani ɗan takara. Ƙa'ida ce mai kyau, sai dai tantance mutum dubu ɗari bakwai cikin 'yan makonni ba ƙaramin abu ba ne. A nan ne 'yan siyasa suka fi neman kafa, ta hanyar cusa sunayen yaransu a jerin, ko sauya sunan wanda aka horar da wanda bai taɓa riƙe na'urar ba a daren zaɓe. A ganina wannan ita ce ƙofar da ta fi buƙatar tsaro a duk tsarin.

5. Wane iko ne takamaimai a hannun shugaban rumfa?

Ya fi yadda yawancin mutane ke zato. Da ƙarfe 8:30 na safe shi ke buɗe rumfa, ya ɗaga akwati ya nuna wa jama'a cewa babu komai a ciki kafin a rufe. A ƙarƙashinsa ake tantance mai zaɓe da na'urar BVAS, ta yatsa ko ta fuska. Shi ke juya takardar ƙuri'a ya buga hatimi a bayanta, ya sa hannu, ya rubuta kwanan wata, sannan ya miƙa. Yana da ikon tsara layi, da ikon umartar ɗan sanda ya fitar da mai tada hankali. Da ƙarfe 2:30 na rana, duk wanda ke kan layi sai ya yi zaɓe, wanda ya zo bayan haka ya makara.

Bayan an gama, sai ya zazzage akwatin a gaban kowa, a ware ƙuri'u jam'iyya-jam'iyya, a ƙirga da ƙarfi jama'a na amsawa. Shi ke yanke hukuncin farko a kan ƙuri'ar da ta lalace, kamar wadda aka dangwala wa jam'iyya biyu. Idan wakilin jam'iyya ya nemi a sake ƙirge, zai sake, amma sau ɗaya kawai. Sannan ya cike fom ɗin sakamakon rumfa, wato EC8A, ya sa hannu da hatimi, wakilan jam'iyyu su sa nasu, ya ba su kwafi, ya ba 'yan sanda, ya ɗauki hoton takardar da na'ura domin tura wa IReV, shafin intanet na hukumar inda jama'a ke duba sakamako, ya kuma manna sakamakon a bango.

Akwai ƙarin iko ɗaya mai nauyi. Sashe na 51 ya ce idan ƙuri'un da aka jefa sun fi adadin waɗanda na'ura ta tantance, shugaban rumfa ya soke sakamakon rumfar. Duk abin da za a yi daga mazaɓa har zuwa kotun ƙoli, a kan takardar wannan matashi ake gina shi.

6. Sakacin ma'aikacin wucin gadi zai iya jawo wa ɗan takara asarar kujera?

Ya kusa faruwa a Kano. A zaɓen gwamna na Maris 2023 an bayyana Abba Kabir Yusuf na NNPP da ƙuri'u 1,019,602, Nasiru Yusuf Gawuna na APC kuma da 890,705. A ranar 20 ga Satumba, 2023, kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta zabtare ƙuri'u fiye da 165,000 daga na Abba, bisa hujjar cewa takardun ba su ɗauke da hatimi ko sa hannu ko kwanan wata, ta kuma ba Gawuna nasara. Wannan aiki kuwa na jami'an rumfa ne, mai jefa ƙuri'a ba shi da hannu a ciki.

Kotun ƙoli ta warware hukuncin a ranar 12 ga Janairu, 2024, ta mayar da ƙuri'un. Sashe na 63 ya ce ba a ƙirga ƙuri'ar da ba ta da alamar hukuma, amma kuma ya ba baturen zaɓe damar ƙirga ta idan ya gamsu cewa daga cikin takardun da hukumar ta kawo rumfar ta fito. Ko wane ɓangare mutum yake, abin lura ɗaya ne: jiha mai mutane miliyoyi ta shafe watanni cikin zaman ɗar-ɗar a kan batun hatimin da ya kamata a buga cikin daƙiƙa biyu. Horon kwana uku ga wanda zai riƙe irin wannan amana ya yi kaɗan.

7. Jami'in tattara sakamako zai iya soke ko sauya abin da aka kawo masa?

Aikinsa haɗa lissafi ne da tabbatarwa. Na mazaɓa yana kwashe alƙaluman EC8A zuwa EC8B, na ƙaramar hukuma ya kwashe zuwa EC8C, na jiha zuwa EC8D. Sashe na 64 ya ɗora masa duba ko adadin waɗanda aka tantance ya dace da abin da ke cikin na'ura kafin ya karɓa. Idan aka yi jayayya, zai koma ga asalin takardar rumfa da bayanan na'urar ya warware.

Abin da ba shi da shi shi ne ikon ajiye sakamakon rumfa a gefe don ransa bai kwanta da shi ba. Shari'ar Imo ta nuna girman abin. A ranar 14 ga Janairu, 2020, kotun ƙoli ta ce an cire sakamakon rumfuna 388 daga lissafi ba bisa ƙa'ida ba, ta mayar da su, ta sauke Emeka Ihedioha, ta ɗora Hope Uzodinma wanda tun farko ya zo na huɗu. Har yau ana muhawara a kan wannan hukunci, amma tushen rikicin daga teburin tattarawa ya taso.

8. Maganar baturen zaɓe ita ce ta ƙarshe?

A da kusan haka ne. Tsohuwar doka ta ce da zarar baturen zaɓe ya bayyana wanda ya ci, kotu ce kaɗai za ta iya taɓawa. 'Yan siyasa suka gane cewa abin da ake buƙata kawai shi ne a sa baturen ya buɗe baki, ko da son ransa ko ba da shi ba.

A 2019, baturen zaɓen sanatan Imo ta Yamma, Farfesa Ibeawuchi, ya bayyana gwamna mai ci Rochas Okorocha a matsayin wanda ya yi nasara, yana mai cewa tilasta masa aka yi. Hukumar ta ƙi ba Okorocha takardar shaidar cin zaɓe. Ya je babbar kotun tarayya a Abuja, a watan Yuni kotun ta umarci a ba shi, domin doka ba ta ba hukumar ikon riƙewa ba.

Dokar 2022 ta toshe wannan giɓi. Sashe na 65 ya bar hukuncin baturen zaɓe a matsayin na ƙarshe, amma ya ba hukumar kwana bakwai ta sake dubawa idan ta gano an tilasta masa, ko ya saɓa wa doka da ƙa'idojin zaɓe. An ga amfanin wannan a 2023 a mazaɓar Doguwa da Tudun Wada ta Kano. An bayyana Alhassan Ado Doguwa, daga baya hukumar ta cire sunansa daga jerin waɗanda suka ci bisa dalilin cewa an yi sanarwar cikin tursasawa. An kammala zaɓen a ranar 15 ga Afrilu, ya kuma ci. Bayan kwana bakwai ɗin nan kuwa, hukumar ma hannunta ya fita, sai kotu.

9. Kwamishinan zaɓe na jiha bai fi baturen zaɓe iko ba? Ai shi ne babba a jihar.

A muƙami ya fi shi nesa. Shugaban ƙasa ke naɗa shi, majalisar dattawa ta tabbatar, wa'adinsa shekara biyar, kuma shi ke kula da ma'aikata da kayan aiki na jihar baki ɗaya. Baturen zaɓe kuwa baƙo ne na kwana biyu ko uku. Amma doka ba ta bin girma a wannan wuri, tana bin wanda aka naɗa wa aikin. Sashe na 25 ya ba baturen zaɓe ne ikon bayyana wanda ya ci.

Adamawa ce ta koya wa ƙasar wannan darasi. Zaɓen gwamna na 18 ga Maris, 2023 bai kammala ba, aka ƙarasa shi a ranar 15 ga Afrilu. Ana cikin tattara sakamako aka ɗage zuwa safiyar Lahadi. Kafin lokacin da aka sa ya yi, kwamishinan jihar, Hudu Yunusa Ari, ya shiga zauren tattarawa a Yola ya bayyana Sanata Aishatu Dahiru Binani a matsayin wadda ta ci, alhali ba a gama karɓar sakamakon ƙananan hukumomi ba, baturen zaɓe kuma ba ya wurin. A ranar hukumar ta fito daga Abuja ta ce sanarwar ba ta da wani tasiri, domin kwamishinan ya ƙwace aikin da ba nasa ba. A ranar 18 ga Afrilu, baturen zaɓe na ainihi, Farfesa Mohammed Mele na Jami'ar Maiduguri, ya kammala tattarawa ya bayyana Ahmadu Umaru Fintiri. Shugaba Buhari ya amince da dakatar da kwamishinan.

Wani abin dubawa a nan shi ne, hukumar ba ta iya korar kwamishinanta da kanta. Sai shugaban ƙasa, tare da goyon bayan kashi biyu cikin uku na majalisar dattawa. An yi haka ne don kare kwamishina daga barazanar gwamnoni, amma ya sa ladabtar da shi ya zama doguwar tafiya.

10. Wa ya ba baturen zaɓe ikon cewa zaɓe bai kammala ba?

Doka da ƙa'idojin hukumar ne, ba ra'ayinsa ba. Lissafi ne: idan tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai yawan masu zaɓe a rumfunan da aka soke ko ba a yi zaɓe ba, to ba a bayyana kowa sai an sake a waɗannan rumfuna. Haka aka yi a Kano a Maris 2019, lokacin da Abba ke gaban Abdullahi Umar Ganduje da ƙuri'u fiye da 26,000, aka sami matsala a mazaɓar Gama da wasu wurare, aka sake a ranar 23 ga wata, Ganduje ya ci. Mutane sukan huce a kan farfesan da ya karanta sanarwar. Inda ya fi dacewa a zuba ido shi ne ƙasa: wa ya soke rumfunan, da wane dalili, kuma an rubuta shi a fom ɗin da aka tanada?

11. Idan jami'in wucin gadi ya cuci ɗan takara, wa ake kai wa ƙara?

Hukumar. Sashe na 133 ya ce ba sai an sa sunan shugaban rumfa ko baturen zaɓe a cikin ƙarar ba, INEC ce za ta tsaya ta kare kanta da jami'anta. Ana shigar da ƙara cikin kwana 21 daga ranar bayyana sakamako, kotun zaɓe kuma tana da kwana 180 ta yanke hukunci.

12. To shi jami'in fa, ya sha ke nan?

A takarda bai sha ba. Sashe na 120 ya tanadi tarar da ta kai naira 500,000 ko ɗaurin wata 12 ga jami'in da ya yi sakaci da aikinsa, da ɗaurin wata 36 ga wanda ya sanar da sakamakon da ya san ƙarya ne. Sashe na 64 kuma ya tanadi tarar naira miliyan 5 ko ɗaurin aƙalla shekara uku ga mai tattarawa ko baturen zaɓen da ya haɗa sakamakon bogi da gangan.

An kuma taɓa zartarwa. A Maris 2021 wata babbar kotu a Akwa Ibom ta ɗaure Farfesa Peter Ogban na Jami'ar Calabar shekara uku saboda sauya alƙaluma a zaɓen sanata na 2019. A Fabrairu 2025 aka yanke wa Farfesa Ignatius Uduk na Jami'ar Uyo shekara uku shi ma, a kan zaɓen ɗan majalisar jiha na shekarar ta 2019. Dukansu a jiha ɗaya, kuma an fara shari'o'in ne a zamanin kwamishina Mike Igini, wanda ya dage a kan batun. Wannan kaɗai ya nuna matsalar: hukunci ya dogara ne ga jajircewar mutum ɗaya. Hukumar na da ikon gurfanarwa ta hannun lauyoyinta ko lauyan da ta ɗauka, amma ba ta kamawa, ba ta bincike, sai ta jira 'yan sanda. Tun a 2008 kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais ya ba da shawarar a kafa hukuma ta musamman domin laifukan zaɓe, kuma shawarar tana nan da ƙarfinta.

13. Direbobi da kamfanonin da aka ba kwangila, su ma an miƙa musu iko ne?

A'a. Hukumar na ƙulla yarjejeniya da ƙungiyoyin sufuri irin su NURTW da NARTO don jigilar kaya da ma'aikata, tana ba kamfanoni aikin buga takardu da samar da na'urori. Waɗannan aiki aka saya a wurinsu, ba su da ta cewa a kan ƙuri'a ko ɗaya. Haka jami'an tsaro: ɗan sanda a rumfa yana aiki ne da umarnin shugaban rumfa, ba shi da hurumin ƙirge ko soke sakamako. Sai dai rashin iko a doka bai hana tasiri ba. Motar da ba ta zo ɗaukar ma'aikata ba sai azahar ta hana ɗaruruwan mutane zaɓe, ba tare da direban ya taɓa akwati ba.

14. Akwai abin da hukumar ba ta miƙawa?

Sanar da wanda ya ci zaɓen shugaban ƙasa. Doka ta ce shugaban hukumar ne baturen wannan zaɓe, shugabannin jami'o'in da ke zuwa Abuja sakamakon jihohi kawai suke kawowa. Rajistar jam'iyyu, da sa ranar zaɓe, da fitar da ƙa'idoji, su ma a hedikwata ake yanke su. Sannan wanda aka wakilta ba ya wakilta wani da kansa. Shugaban rumfa ba shi da damar miƙa hatimi ko na'ura ga wakilin jam'iyya ko wani dattijon unguwa don ya taya shi, komai gajiyarsa.

15. Hukumomin zaɓe na jihohi, irin su KANSIEC ta Kano, rassan INEC ne?

Ba rassanta ba ne. Sashe na 197 na kundin tsarin mulki ne ya kafa su, gwamna ke naɗa mambobinsu, kuma zaɓen ƙananan hukumomi nasu ne. Rajistar masu zaɓe kawai suke karɓa daga INEC. Ƙananan hukumomi shida na Abuja ne kaɗai INEC ke yi wa zaɓe.

16. Shi ma'aikacin wucin gadi, wa ke kare shi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna. A daren jajibirin zaɓe akan tara su a wata makarantar firamare da aka mayar cibiyar rabon kaya. Wasu su kwana a kan benci, wasu a kan tabarma a ƙasa, sauro na cizo, suna jiran asuba a raba kaya. Washegari yarinya 'yar shekara 24 da ta zo daga wata jiha mai nisa, wadda ƙila ba ta jin yaren garin, za ta tsaya a gaban ɗaruruwan mutane ta ce wa wakilin mai ƙarfi a unguwa ƙuri'ar nan ta lalace. Ɗan sandan da ke gefenta ba ya ɗauke da bindiga. Alawus ɗinta kuma sau da yawa sai bayan makonni yake shigowa.

Ba a manta da Afrilun 2011 ba, lokacin da aka kashe masu bautar ƙasa kimanin goma a jihar Bauchi a rikicin da ya biyo bayan zaɓen shugaban ƙasa. 'Ya'yan mutane ne da aka ba mu amana, kuma ba su suka rubuta sakamakon ƙasa ba.

Tsarin ya ɗora iko mafi nauyi a kan wanda ya fi kowa rashin gata. Ban ga dalilin watsar da shi ba, domin babu wata hanyar samun mutum dubu ɗari bakwai. Amma ya kamata hukumar ta riƙa ajiye jerin waɗanda suka yi aiki da gaskiya ta sake kiransu, ta tsawaita horo, ta biya haƙƙinsu a kan lokaci, ta kuma hana wanda aka samu da laifi sake kusantar aikin. Wanda zai karɓi aikin shi ma ya sani cewa sa hannunsa na iya kai shi gaban alƙali bayan shekaru. Kada ya sa hannu a fom ɗin da ba a cike ba, kada ya goge adadi ba tare da shaidu ba, idan kuma aka tilasta masa ya rubuta rahoto ga hukumar nan take, tun kwana bakwai ɗin ba su wuce ba.

17. Me mai zaɓe ko wakilin jam'iyya zai yi idan ya ga jami'i ya wuce iyakarsa?

Mai zaɓe ya duba bayan takardar ƙuri'arsa kafin ya shiga wurin dangwale. Idan babu hatimi da sa hannu da kwanan wata, ya mayar a cike masa. Bayan ya jefa, yana da damar komawa gefe cikin natsuwa ya jira ƙirge, ya kuma ɗauki hoton sakamakon da aka manna a bango, don a kwatanta shi da wanda aka ɗora a IReV.

Wakilin jam'iyya kuwa kada ya bar rumfa ba tare da kwafin EC8A mai hatimi ba, kuma ya bi takardar har cibiyar tattarawa ta mazaɓa. Idan yana da ƙorafi ya faɗa wa shugaban rumfa, in bai saurara ba ya kai wa jami'in da ke sa ido a kan rumfunan yankin, sannan jami'in zaɓe na ƙaramar hukuma, a rubuce, da sunan rumfa da lambarta da lokacin da abin ya faru. Ƙin sa hannun wakili ba ya soke sakamako, don haka ficewa cikin fushi ba ya amfanar ɗan takara. Fasa akwati ko dukan jami'i kuwa laifi ne, kuma yakan jawo a soke rumfar har da ƙuri'un wanda ake yi dominsa. Kotun zaɓe takarda da shaidar wanda ya gani da idonsa take karɓa, kuma kwana 21 ɗin shigar da ƙara suna fara ƙirguwa ne daga lokacin da aka bayyana sakamako.